Mahaɗin fayiba da bai zauna ba: yadda nutirino ya "riga haske" zuwa Gran Sasso

Ranar 23 ga Satumba, 2011, masanin fiziks Dario Autiero ya tsaya a babban zauren cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janiba, ya karanta wani sakamako da shi da abokan aikinsa suka rasa inda za su sa shi. Ƙwayoyin nutirino, wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi marasa caji da kusan ba su da nauyi, da ake harbowa daga CERN zuwa ɗakin gwaji na Gran Sasso a tsakiyar Italiya, tafiyar kilomita 730 ta cikin ƙasa, suna riga haske isa da kusan nanosakan 60. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na sakan, kuma a cikin 60 ɗinsa haske bai wuce ya ci mita 18 ba. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba a ido, amma tun 1905 da Albert Einstein ya fitar da ka'idarsa, ilimin fiziks a kan magana ɗaya ya zauna: babu abin da ke ɗauke da nauyi ko saƙo da zai wuce haske gudu.

Wata biyar bayan nan aka sanar da duniya inda gizo ke saƙar. Wata wayar fayiba ce da ke kawo lokaci daga wajen dutse zuwa ƙarƙashinsa, ba a murɗa bakinta ya zauna daram a ramin da yake shiga ba.

Mutane da yawa sun ɗauki labarin abin dariya, suka wuce. Ga wanda sana'arsa ta haɗa shi da fayiba kuwa, ko mai ja ne a titi ko mai kula da ɗakin na'urori, akwai abin dubawa sosai a ciki, domin wayar ba ta tsinke ba, na'ura ba ta yi ƙara ba, kuma fiye da shekara uku ana aiki da ita a haka.

Abin da ake nema tun farko

Gwajin, wanda ake kira OPERA, ba don auna gudu aka gina shi ba. Nutirino iri uku ne, kuma masana sun riga sun gano cewa yana sauya iri a kan hanya. Burin OPERA shi ne a harbo nau'in muwon daga CERN a kama shi a Italiya ya rikiɗe ya zama nau'in tau. Don haka aka jera tubala kusan 150,000 na dalma da fim mai ɗaukar hoto, nauyinsu ya kai tan 1,250, a wani ɗaki da ke ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400. Masana kusan 160 daga ƙasashe 11 ne ke cikin aikin, Antonio Ereditato ne kakakinsu. Auna gudun nutirino aiki ne na gefe da aka ɗora daga baya, tunda kayan aikin suna nan.

Lissafin gudu kowa ya san shi: nisa da lokaci. Nisan sun auna shi da kyau har abin ya ba da mamaki. Ɗakin gwajin yana gefen ramin babbar hanyar mota mai tsawon kilomita 10 da ta ratsa dutsen, sai da aka rufe hannu ɗaya na hanyar don masu safiyo su yi aikinsu, aka fitar da tazarar CERN da OPERA da kuskuren da bai wuce santimita 20 ba. Na'urorinsu na GPS har motsin santimita 7 da girgizar ƙasar L'Aquila ta 2009 ta jawo sun nuna.

Lokaci shi ne mai wuya. Tafiyar duka-duka milisakan 2.4 ce (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), kuma dole agogon CERN da na Gran Sasso su yi daidai da juna har zuwa 'yan nanosakan. An sa na'urar GPS ta musamman da agogon siziyam a kowane ɓangare, aka gayyato hukumomin awo na Suwizalan da Jamus suka tantance su. Sai dai siginar GPS ba ta ratsa dutse. Eriya da agogon suna waje, a ofisoshin da ke bakin dutsen, na'urar gwajin kuma tana can ciki. Abin da ya haɗa su wayar fayiba ce mai tsawon kilomita 8.3. A kai a kai ana turo ɗan walƙiyar lesa ta cikinta, ya sauka a kan wani kati da ke mayar da haske lantarki, babban agogon OPERA kuma ya daidaita kansa da shi. Haske yana ɗaukar kusan nanosakan 41,000 kafin ya ratsa wannan waya. An auna jinkirin a 2006 da 2007, aka rubuta, aka riƙa cire shi a lissafi.

Daga nan ba a sake auna shi ba sai Disamban 2011.

Watannin ruɗani

Adalci ne a faɗi cewa mutanen OPERA ba su fito suna cewa sun kayar da Einstein ba. Sun ce ga abin da suka gani a cikin nutirino fiye da 15,000 da suka kama daga 2009 zuwa 2011, sun yi watanni suna neman kuskure ba su samu ba, a taya su dubawa. Wasu daga cikinsu ma sun ƙi sa hannu a takardar, suna ganin an yi gaggawa.

Masana na waje sun kawo hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko tauraron da ya fashe aka gani a 1987, mai nisan shekarar haske kusan 168,000: nutirinonsa sun iso sa'o'i kaɗan kafin haskensa, alhali da suna da irin gudun da OPERA ta auna, da sun riga shi da kusan shekara huɗu. Ta biyu daga Andrew Cohen da Sheldon Glashow na Jami'ar Boston ta fito. Sun nuna cewa nutirinon da ya wuce haske zai riƙa zubar da ƙarfinsa a hanya, ya iso a raunane, kuma ba haka ake ganin su a Gran Sasso ba. Takardu suka yi ta zuba, wasu na neman kuskure, wasu na gina sabbin ka'idoji a kan sakamakon. 'Yan siyasa ma ba a bar su a baya ba. Ma'aikatar ilimi ta Italiya, a ƙarƙashin minista Mariastella Gelmini, ta fitar da sanarwa tana alfaharin cewa ƙasar ta zuba yuro miliyan 45 wajen gina ramin da ya haɗa CERN da Gran Sasso. Babu wani rami. Nutirino ta cikin dutse da ƙasa yake ratsawa kamar ba su nan. Italiyawa sun daɗe suna yi wa sanarwar shaƙiyanci.

Sukar da ta fi kama hankali ita ce ta tsawon harbin. Kowane harbi daga CERN yana ɗaukar maikurosakan 10.5, wato nanosakan 10,500, ya ninka tazarar da ake magana a kai sau fiye da ɗari, don haka ba a san takamaiman lokacin da kowane nutirino ya tashi ba, sai dai a bi ta lissafin ƙididdiga. CERN ta amsa da gajerun harbi na nanosakan 3 daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Aka kama nutirino 20, kowanne an san lokacin tashinsa. Sakamako ya sake fitowa kamar na farko.

Wannan gwaji na biyu ya ƙara wa mutane da yawa ƙwarin gwiwa, kuma a ganina nan ne darasin aikin ya fi fitowa. An sauya yadda ake harbi, an sauya yadda ake lissafi, amma lokacin da ake dogaro da shi ta waya ɗaya ya biyo, ta baki ɗaya ya shiga. Ko sau ɗari aka maimaita, amsa ɗaya za a samu.

Yadda aka kama shi

A farkon Disamba 2011 aka koma kan wayar nan mai kilomita 8.3 aka sake auna ta. Jinkirin ya fito da ƙarin kusan nanosakan 73 a kan abin da aka rubuta a 2007. Da aka sake gwadawa bayan an taɓa wayoyin, sai ƙarin ya ɓace. Aka bi sawu har zuwa bayan akwatin babban agogo, inda fayibar ke shiga katin. Aka gwada da gangan: a sassauta bakin, jinkiri ya ƙaru, a murɗa shi ya zauna, ya koma daidai. Wani hoto da aka ɗauka a wurin a watan Oktoba ya nuna bakin wayar bai shige har ƙarshe ba.

Yadda jinkirin ya zama gudu abu ne mai sauƙi. A ce direba ya tashi daga tashar Kano, agogon tashar daidai yake, ya isa Kaduna inda agogon tashar ke baya da minti goma. Duk wanda ya duba rajista biyun zai rantse cewa direban ya taka mota. Siginar lokaci tana iso wa OPERA a makare, agogon OPERA ya zauna a baya, kowane nutirino aka rubuta shi ya iso da wuri.

An kuma gano matsala ta biyu: na'urar da ke ƙirga bugun babban agogon tana ɗan yin sauri fiye da ƙa'ida. Ita tata ɓarnar ta ɗaya gefen take ja, da kusan nanosakan 15. A cire 15 daga 73, sai ga 58, wato kusan abin da aka yi ta cece-kuce a kansa. A ranakun 22 da 23 ga Fabrairu, 2012, labarin ya fita.

Saura tambayar tun yaushe bakin yake a sassauce. Amsar ta fito ta wata hanya mai ban sha'awa. A cikin dutsen akwai wani gwajin mai suna LVD, da nasa agogon daban. Ta ɓangaren garin Teramo dutsen bai da kauri sosai, don haka wasu ƙwayoyi da ake kira muwon, ba nutirino ba, da ke saukowa daga sararin sama suna shigowa a kwance, su ratsa na'urorin biyu ɗaya bayan ɗaya. Aka tono tsofaffin bayanai aka gwada lokacin da kowace na'ura ta rubuta. Daga 2007 zuwa tsakiyar 2008 agogunan biyu suna tafiya tare. Daga Agustan 2008 zuwa Disamban 2011 na OPERA ya zame da nanosakan 73, da kuskuren 9 sama ko ƙasa. Daga Janairun 2012 suka sake haɗewa. Ke nan duk bayanan da aka gina sakamakon a kansu an tara su ne da bakin waya a sassauce.

Abin da ke faruwa a bakin waya

Mai karatu zai iya tambaya: in haske ya ratsa kilomita 8.3, yaya ɗan giɓin da bai kai milimita ba zai jawo jinkirin da ya kai tafiyar mita 20? Giɓin bai tsawaita hanya ba. Hasken ya rage. Katin da ke karɓa ba ya cewa "sigina ta iso" sai lantarkin da hasken ya haifar ya hau ya kai wani mataki. Haske mai ƙarfi yana kai shi matakin nan take. Mai rauni sai ya ɗan ja lokaci yana hawa. Wannan hawan ne nanosakan 73. Sigina tana zuwa, agogo yana karɓa, fitilu suna nuna lafiya lau.

Dalilin da ɗan giɓi ke rage haske haka yana cikin ƙirar wayar. Zaren gilashin da ke cikin fayiba faɗinsa maikuron 125 ne, maikuron kuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Hasken ma ba duk faɗin yake bi ba. A irin wayar da ake ja mai nisa, cibiyar da yake bi maikuron 9 ce kacal. A ta cikin gini 50 ce ko 62.5. Ana dasa zaren a tsakiyar wani ɗan bututun tangaran, mai faɗin milimita 2.5 a mahaɗan SC da ST da FC, ko 1.25 a na LC, a goge fuskarsa ta yi sumul da ɗan tudu a tsakiya. In aka haɗa biyu, sifirin da ke ciki yana danna fuskokin da ƙarfin da ya kusa kilo ɗaya a mahaɗin SC, gilashi ya manne da gilashi, babu iska a tsakani. Da zarar iska ta shiga, kowace fuska tana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken baya, kuma in giɓin ya ƙaru hasken yana bazuwa, kaɗan ne ke faɗawa cibiyar da ke gaba.

A Gran Sasso rashin murɗawa ne ya buɗe giɓin, ƙura ba ta da laifi a wannan shari'ar. A aikin yau da kullum kuwa, abin da ya fi buɗe irin wannan giɓi ƙura ce da maiƙon hannu. Takardar jagora ta kamfanin Cisco kan tsabtace mahaɗan fayiba ta ba da misali: ƙwayar ƙura mai maikuron 1 a kan cibiyar waya tana iya tare kashi 1 cikin ɗari na hasken, mai maikuron 9 kuma tana iya toshe cibiyar ɗungurungum, alhali ido ba ya ganinta. Ba sai ta zauna a kan cibiyar ba ma. In tana gefe, tana hana fuskokin biyu haɗuwa. In sifirin ya fi ƙarfinta ya murƙushe ta, gutsattsarin su bazu, wasu su nutse cikin gilashin su bar rami da ba ya goguwa. Sannan fuskar da ke da datti tana shafa wa mai tsabta, wadda ita ma za ta kai wa ta gaba. Wayar gwaji guda ɗaya mai datti a jakar ma'aikaci ta isa ta bi ramukan akwati gaba ɗaya.

Murfin da ake dogara da shi

Nan ne maganar murfi ta shigo, ɗan farin ko baƙin robar nan da ke zuwa a bakin kowace sabuwar waya da kowane rami. Akwai kuskure iri biyu da ake yi da shi, kuma suna kishiyar juna.

Wasu ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A cire a yar, a bar ramukan da ba a amfani da su a buɗe cikin akwatin da fanka ke hura iska dare da rana, a bar bakin waya yana lilo yana gogar ƙarfe. Ranar da aka zo amfani da ramin, an riga an tara masa abin da zai ɓata wayar da za a soka.

Wasu kuma sun ba shi amanar da ba ta kamace shi ba. Suna ganin tunda waya sabuwa ce, daga leda aka fito da ita, da murfinta, to a soka kawai. Murfin roba ce da aka zuba a mazubi a masana'anta, kuma akan shafa wa mazubin wani maiƙo don robar ta fita da sauƙi; ragowarsa na iya zama a cikin murfin. Wasu nau'in roba masu laushi suna fitar da tururin maiƙo in sun sha zafi a sito ko a bayan mota, ya sauka a kan fuskar gilashin. Murfin da ya kwana a aljihu ko a ƙasan jakar kayan aiki ya kwashi duk abin da ke wurin. Zare shi ma da kansa gogayya ce, tana barin cajin lantarki a kan tangaran ɗin, cajin kuma yana janyo ƙurar da ke yawo a iska. Aikin murfi na gaskiya shi ne kare fuskar daga karce da yatsa da karo. Wannan aikin yana yin sa da kyau, shi ya sa ba a barin baki ko rami babu shi, kuma shi ya sa ake adana murafan da aka cire a leda mai rufewa. Tsabta kuwa sai an duba.

Dubawar tana da ƙa'ida a rubuce, IEC 61300-3-35, wadda ta fara fitowa a 2009. Ta raba fuskar gida-gida, ta faɗi yawan karce da tabon da za a iya haƙura da su a kowane gida; da'irar tsakiya mai faɗin maikuron 25 a wayar nisa ita ce aka fi tsanantawa a kanta. Ana dubawa da ɗan madubin ƙara girma mai kyamara, mai ninka abu sau 200 ko 400. In fuskar tana da tsabta, a ƙyale ta, a haɗa. In da datti, a fara da busasshiyar gogewa, da alƙalamin nan da ake dannawa ya yi ƙas ko da kaset mai ƙyalle. In ya ƙi fita, a ɗiga ruwan gogewa kaɗan a kan ƙyallen da ba ya zubar da zare, a ja fuskar daga jiƙaƙƙen wuri zuwa busasshe. Sai a sake dubawa. Ɓangarorin biyu ake yi wa haka, wayar da kuma ramin. Sifirit na kyamis yana da ruwa a ciki, yana bushewa ya bar zobe. Hura iska da baki yawu ne ake fesawa. Gefen riga kuwa, wanda kowa ya taɓa gani ana yi, maiƙo da zare yake ƙarawa. Kuma ba a leƙa bakin waya da ido don a ga ko akwai haske: lesar sadarwa mai tsawon zango nanomita 1310 da 1490 da 1550 ido ba ya ganinta, amma tana iya yi masa illa.

Mu da ke zaune a hanyar hunturu muna da ƙarin dalili. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wanda ake lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Hazon da ke rufe Kano da Damagaram da Maiduguri ƙwayoyinsa 'yan maikuron ne, daidai girman da ke zama a kan cibiyar waya, kuma akwai silika a ciki mai taurin da zai karce gilashi. Bushewar iskar tana ƙara cajin gogayya, shi ya sa ƙofar mota ke jan mutum a lokacin. Ma'aikacin da ya cire murfi a kan turken waya cikin Janairu, ya tsaya amsa kira kafin ya soka, ya riga ya sauya abin da zai soka.

Irin ɓoyewar da ta faru a OPERA tana faruwa a layin gida ma, da wata fuska. A tsarin GPON da kamfanoni ke kai fayiba gidaje da shi, ajin da aka fi amfani da shi yana jure asarar haske ta desibel 28 tsakanin na'urar kamfani da akwatin gida. Na'urar da ke raba waya ɗaya gida 32 ita kaɗai tana cin kusan 17. Kowane desibel 3 rabin haske ne. Mahaɗi mai kyau bai kamata ya ci fiye da 0.3 ba, mai datti yana iya cin 2 ko 3 shi kaɗai, kuma layin zai ci gaba da aiki muddin jimillar ba ta tsallake iyaka ba. Ranar haɗawa intanet ta kawo, mai gida ya sa hannu, ma'aikaci ya tafi. Sai bayan watanni, da wani lanƙwasa ko wani sabon haɗi ya cinye ɗan abin da ya rage, a fara "yana kawowa yana ɗaukewa", jar fitilar LOS mai nuna sigina ta ɓace tana ƙiftawa, a sauya rauta, a zagi kamfani. In da an rubuta ƙarfin hasken da mita ta nuna ranar farko, da duk wanda ya zo daga baya ya san nawa aka rasa.

Laifin wa

A ƙarshen Maris 2012 shugabannin rukunonin OPERA suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da jagorancin gwajin. Masu goyon bayanta sun fi yawa amma ba su kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Duk da haka Ereditato da Autiero suka ajiye muƙamansu.

Ni dai ban ga laifi a fito da sakamakon da ba a gane ba a nemi taimako. Ɓoye shi ya fi muni. Sassaucin bakin waya ma abu ne da ke faruwa a duk inda hannun mutum ke shiga. Inda aka gaza shi ne an ɗauki lambar da aka auna a 2007 kamar tsawon dutse, abin da ba ya sauyawa, alhali a cikin lambar akwai mahaɗi, kuma mahaɗi abu ne da ake cirewa a mayar. An kashe ƙarfi wajen auna kilomita 730 har zuwa santimita 20, an kira hukumomin awo na ƙasashe biyu kan agogo, amma kilomita 8.3 na ƙarshe, da ke cikin gida, an bar su a kan tsohon awo. Sake auna su aikin kwanaki ne, kamar yadda aka gani a Disamba, kuma da an yi shi a Agusta da ba a yi taron Satumba ba. Katin da ke karɓar siginar shi ma yana da nasa kason, tunda an ƙera shi yadda lokacinsa ya dogara da ƙarfin haske, kuma ba shi da hanyar faɗa in hasken ya ragu.

A tsakiyar Maris ɗin, gwajin ICARUS da ke cikin dutsen ya fitar da nasa awon da nutirino 7 daga gajerun harbin da aka yi a baya, ya samu gudunsu daidai da na haske. A watan Mayu CERN ta sake turo gajerun harbi na mako biyu, gwaje-gwaje huɗu suka auna: Borexino da ICARUS da LVD da OPERA. Ranar 8 ga Yuni, a taron masana nutirino a Kyoto, daraktan bincike na CERN, Sergio Bertolucci, ya sanar cewa duka huɗun sun yi daidai da gudun haske. Da OPERA ta gyara tsofaffin bayananta a Yuli, tazarar 60 ta koma kusan 6, cikin kuskuren awo da ya kai 15.

A zagayen Mayu an ƙara wani tsarin lokaci da injiniyoyin CERN suka ƙirƙira, mai suna White Rabbit. Shi ba ya dogara da lambar da aka rubuta shekarun baya. Yana tura haske ta wayar ya dawo, yana auna jinkirinta a kowane lokaci yana gyarawa, har zuwa ƙasa da nanosakan ɗaya. Daga baya an shigar da dabarar cikin ƙa'idar IEEE 1588 ta 2019. OPERA kuwa ta koma kan aikin da aka gina ta dominsa: ta kama nutirinon tau na biyar a 2015, wanda ya isa a ce an tabbatar da rikiɗar, kuma rahotonta na ƙarshe a 2018 ya ƙirga guda 10.